Tarihin Siffanta Mai Laifi da Matsayinsa a Idon 'Yan Sanda da Ɗalibai

Siffanta mai laifi wata hanya ce ta bincike wadda a cikinta masani yake duba abin da aka tarar a wurin da aka aikata laifi, da yanayin wanda aka cuta, da lokaci da salon aikatawar, sannan ya kintaci irin mutumin da ya yi aikin tun kafin a san ko wane ne, wato shekarunsa da sana'arsa da zurfin karatunsa da zaman iyalinsa da unguwar da ake jin yana zaune. An fi neman wannan taimako a laifukan da babu sanayya tsakanin mai laifi da wanda aka cuta, kamar kisan ɗauki ɗaiɗai da fyaɗen da baƙo ya yi da cinna gobara da gangan, domin a irin waɗannan ne hanyar da 'yan sanda suka saba da ita, ta bin dangi da abokan hulɗa da abokan gaba, take toshewa. Aikin gaba ɗaya ya ginu a kan zato biyu: cewa mai laifi yana maimaita salonsa daga wannan laifi zuwa wancan, da kuma cewa mutanen da salon laifinsu ya yi kama za su yi kama a rayuwarsu ta yau da kullum. Tarihin sana'ar ya nuna cewa yardar 'yan sanda da sha'awar ɗalibai sun riga hujja isowa da shekaru masu yawa, kuma da aka zo aunawa sai aka tarar abin da jami'ai suke nufi da amfani ya sha bamban da abin da jama'a suke zato.

Tunanin cewa ana iya gane mai laifi daga wasu alamu ya shiga fagen ilimi da ƙarfi a 1876, lokacin da likitan nan ɗan Italiya, Cesare Lombroso, ya wallafa littafin da ya yi da'awar cewa akwai mutanen da ake haifa da ɗabi'ar laifi, kuma ana gane su daga siffar muƙamuƙi da kunne da ƙoƙon kai. Likitan gidan yari na Ingila, Charles Goring, ya rushe wannan da'awa a 1913 bayan ya auna fursunoni kimanin 3,000 ya kwatanta su da mutanen da ba a ɗaure ba, bai kuma sami wata siffar jiki da ta keɓanta da masu laifi ba. Amma Lombroso daga jikin mutum yake tasowa ya nufi laifi, alhali siffantawar da ake magana a kanta daga laifin take tasowa ta nufi mutumin, kuma misalinta na farko da aka fi ambata ya fito ne daga Landan a watan Nuwamba na 1888. A lokacin Robert Anderson, shugaban sashen binciken manyan laifuka, ya nemi ra'ayin likitan 'yan sanda Thomas Bond game da kisan mata da ake ta yi a unguwar Whitechapel, wanda aka danganta da mutumin da jaridu suka laƙaba wa Jack the Ripper. Bond, wanda ya binciki gawar Mary Jane Kelly, ɗaya daga cikin matan da aka kashe, da kansa ya kuma karanta rahotannin sauran, ya rubuta cewa hannu ɗaya ne ya yi kisan biyar ɗin, cewa mai kisan ba shi da ilimin fiɗa, kuma mai yiwuwa magidanci ne mai ƙarfin jiki da sanyin kai, mai shiga ta kamala, mai zaman kaɗaici, marar tsayayyen aiki. Ba a taɓa kama mai kisan ba, saboda haka babu hanyar sanin ko Bond ya dace, kuma wannan matsala ta rashin abin gwaji ta bi sana'ar tun daga haihuwarta.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1943, hukumar leƙen asirin Amurka ta sa masanin halayyar ɗan Adam Walter Langer ya yi nazarin Adolf Hitler daga nesa, inda ya kintaci cewa zai iya kashe kansa idan aka ci shi da yaƙi, sai dai wannan nazarin sanannen mutum ne, ba neman wanda ya ɓuya ba. Labarin da ya kafa sana'ar a zukatan 'yan sanda shi ne na George Metesky, wanda tsakanin 1940 da 1956 ya dasa bamabamai aƙalla 33 a tashoshin jirgin ƙasa da gidajen silima da ɗakunan karatu na birnin New York, 22 daga cikinsu suka tashi, suka raunata mutum 15. A watan Disamba na 1956, bayan an shafe shekara 16 ana nemansa ruwa a jallo, 'yan sanda suka kai takardun binciken wurin likitan ƙwaƙwalwa James Brussel, wanda ya ce mai bam ɗin namiji ne da ya fara manyanta, marar aure, mai tsananin tsabta da tsari, mai fama da ciwon tunanin cewa ana ƙulla masa makirci, asalinsa daga gabashin Turai, kuma mai yiwuwa yana zaune da wata 'yar uwarsa. Bisa ga abin da Brussel ya rubuta a littafinsa na 1968, ya ƙara da cewa ranar da za a kama mutumin za a gan shi da kwat mai maɓallai layi biyu, ya kuma sa maɓallan duka. A Janairun 1957 aka kama Metesky a Waterbury ta jihar Connecticut, ɗan asalin Lituweniya, marar aure, yana zaune da 'yan uwansa mata biyu, kuma da aka ce ya tuɓe kayan barci ya shirya, sai ya fito da irin wannan kwat ɗin.

Wannan kwat ta yi wa sana'ar aikin da ɗaruruwan rahotanni ba su yi mata ba, amma ba ita ta kama Metesky ba. Wata jaridar birnin ce ta buga masa buɗaɗɗiyar wasiƙa, shi kuma ya amsa yana bayyana cewa ya ji rauni yana aiki a kamfanin lantarki na Con Edison an kuma hana shi diyya, sai wata ma'aikaciyar kamfanin da take tonon tsofaffin fayil-fayil na masu neman diyya ta ci karo da nasa, ta gane kalmomin da ya saba amfani da su a wasiƙunsa. Masu bincike da suka koma daga baya suka kwatanta littafin Brussel da abin da aka rubuta a lokacin sun tarar cewa ya bar wasu kintacen da ba su dace ba, kamar cewa mutumin yana da tabo a fuska, da cewa a Jamus aka haife shi, da kuma shawarar a neme shi a yankin White Plains. Abin da ya isa kunnen jami'ai da ɗalibai, ke nan, tataccen labari ne da aka tsince masa tsakuwa, kuma daga bakin mai sana'ar kansa ya fito.

A 1972 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta buɗe sashen nazarin halayya a makarantarta da ke Quantico a jihar Virginia, inda Howard Teten da Patrick Mullany suka riƙa koya wa 'yan sandan jihohi da birane yadda ake karanta wurin laifi, su kuma ɗaliban suna kawo musu shari'o'in da suka gagare su a garuruwansu. Teten tsohon ɗan sanda ne, ya kuma ziyarci Brussel ya ɗauki abin da ya ga zai yi amfani. Tsakanin 1979 da 1983 wasu jami'an sashen, John Douglas da Robert Ressler, tare da malamar jinya Ann Burgess, suka tattara hirarraki da masu kisa 36 da ke ɗaure, daga nan kuma suka ƙarfafa rabon da ya fi kowane shahara a fagen, wato na mai laifi mai tsari da marar tsari. Mai tsari shi ne wanda yake shirya laifinsa, ya zo da makami ya tafi da shi, ya ɓoye gawa, kuma ana ɗauka yana da basira da aiki da iya hulɗa da mutane, marar tsari kuwa yana afkawa ne ba shiri, ya yi amfani da abin da ya tarar, ya bar shaida a warwatse, ana kuma ɗauka kaɗaitacce ne mai zama kusa da wurin. Ba abin mamaki ba ne da 'yan sanda suka karɓi wannan rabo hannu bibbiyu, domin jami'ai ne suka tsara shi saboda jami'ai, da harshen da ɗan sandan ciki yake ganewa, kuma ya girmama abin da suke tinƙaho da shi, wato gogewa da kaifin ido. Rauninsa kuwa yana cikin tushensa, tunda mutum 36 kaɗan ne ƙwarai, waɗanda suka yarda a yi hira da su ne kawai aka samu, dukansu kamammu ne, kuma an dogara da bakin mutanen da ƙarya da yaudara suke cikin kayan aikinsu.

Ɗalibai ta wata ƙofar suka shigo. Fim ɗin The Silence of the Lambs na 1991, da shirin talabijin na Birtaniya mai suna Cracker da aka fara a 1993, da littafin Douglas mai suna Mindhunter na 1995, da shirin Criminal Minds da aka fara a 2005, sun nuna mai siffantawa a matsayin mutumin da yake shiga ɗaki ya dubi gawa ya faɗi irin motar da mai kisan yake hawa. Matasa da yawa sun nufi sassan nazarin laifuka da na halayyar ɗan Adam a jami'o'i da burin wannan aiki, alhali guraben masu yin sa a matsayin cikakkiyar sana'a kaɗan ne ainun ko a Amurka da Birtaniya.

A Birtaniya sana'ar ta bi hanya biyu da suka rabu tun da wuri. A 1986 'yan sanda suka gayyaci David Canter, malamin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Surrey, kan jerin fyaɗe da kisa da ake yi kusa da tashoshin jirgin ƙasa a Landan da kewayenta. Canter ya ɗora laifukan a kan taswira bisa jerin lokutansu, ya nuna cewa mai laifin yana zaune kusa da inda na farko-farkon suka faru, wanda hakan ya sa aka mai da hankali kan John Duffy, tsohon kafintan hukumar jiragen ƙasa da sunansa yake can ƙasa cikin jerin mutum kusan 2,000 da ake zargi. An ruwaito cewa abubuwa 13 cikin 17 da Canter ya faɗa sun dace da Duffy, wanda aka yanke wa hukunci a 1988, kuma daga wannan aiki Canter ya kafa fannin da yake dogara da ƙididdiga a kan shari'o'i masu yawa maimakon hangen mutum ɗaya. Ɗaya hanyar ita ce ta masu duba marasa lafiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda suke dogara da gogewarsu ta asibiti, kuma ita ce ta haifar da abin kunyar da ya fi kowane girgiza fagen. A Yulin 1992 aka kashe Rachel Nickell a filin Wimbledon Common a gaban ɗanta ɗan shekara 2, 'yan sanda suka nemi shawarar masanin halayya Paul Britton, zarginsu kuma ya faɗa kan Colin Stagg, wani mazaunin yankin da suke ganin ya dace da siffar. Da yake babu shaidar da ta haɗa shi da kisan, sai aka tura wata 'yar sandar ciki ta yi watanni tana rubuta masa wasiƙu da sunan soyayya don ta ja shi ya amsa laifi, bai kuwa amsa ba. A Satumban 1994 alƙali Ognall ya yi watsi da wannan shaida yana mai kiran ta yaudara mafi muni, aka saki Stagg bayan wata 13 a waƙafi, daga baya aka biya shi diyyar fam 706,000. Gwajin DNA ne ya nuna ainihin mai kisan, Robert Napper, wanda ya amsa laifin a Disambar 2008, kuma wanda a Nuwambar 1993, lokacin da hankalin masu bincike yake kan Stagg, ya kashe wata mata da 'yarta 'yar shekara 4. Ƙungiyar masana halayya ta Birtaniya ta janye tuhumar da ta yi wa Britton a 2002 saboda daɗewar lokaci, amma illar ta riga ta bayyana: siffa tana iya zama takunkumi a idon mai bincike, har ya daina ganin duk wanda bai yi kama da ita ba.

A daidai wannan zamani ne aka fara tambayar jami'ai da kansu abin da suka ƙaru da shi. Wani bitar da aka yi a farkon shekarun 1980 kan shari'o'i 192 da FBI ta yi wa siffantawa ya nuna cewa a cikin 88 da aka warware, 15 ne kawai siffantawar ta taimaka wajen gano mai laifin, duk da haka mafi yawan jami'an sun ce ta daidaita musu alƙiblar bincike. A 1995 Gary Copson, jami'in 'yan sandan Landan, ya yi wa ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya nazari kan lokuta 184 da aka nemi shawarar masu siffantawa, inda fiye da kashi 80 cikin 100 na jami'an suka ce shawarar ta yi amfani, kimanin kashi 14 suka ce ta taimaka wajen warware shari'ar, waɗanda kuwa suka ce ta kai ga gano mai laifin ba su kai kashi 3 ba, wato shari'a 5. Da aka tambaye su ta ina amfanin ya zo, amsoshin da suka fi yawa su ne ta ƙara musu fahimtar shari'ar, ta kuma tabbatar musu da abin da suke zato tun farko. Wani bincike da Brent Snook da abokansa suka yi a 2007 kan jami'an Kanada 51 ya sami irin wannan yarda, inda kusan dukansu suka amince cewa siffantawa tana taimakawa. Bai kamata a raina wannan amsa ba, domin jami'in da yake riƙe da kisan da ya gagara, manyansa suna matsa masa, jaridu suna sukarsa, iyalin mamaci suna jiran magana, yana da buƙatar wanda zai sake duba takardun da sabon ido, kuma gayyato masani tana nuna cewa ba a bar wata ƙofa a rufe ba. Sai dai kwanciyar hankalin mai bincike abu ne daban da ingancin kintace, kuma shawarar da take tabbatar wa mutum zatonsa ita ce mafi haɗari a ranar da zaton ya kauce.

Masana sun nemi dalilin wannan giɓi a cikin yadda ake rubuta siffantawar da yadda ake karanta ta. Tun a 1948 Bertram Forer ya ba ɗalibansa 39 bayanin halayya iri ɗaya, kowa yana ɗauka nasa ne shi kaɗai, suka kuma ba shi matsakaicin maki 4.3 cikin 5 na dacewa, abin da daga baya aka kira tasirin Barnum, wato saurin da mutum yake yi wajen ganin takamaiman gaskiya a cikin maganar da ta dace da kowa. Wanda ya taɓa jin yadda mai duba yake gaya wa wanda aka yi wa sata cewa ɓarawon ba baƙo ba ne kuma ya san shige da ficen gidan ya san yadda mai saurare yake cike sauran da kansa. A 2003 Laurence Alison da abokan aikinsa suka tantance rahotannin siffantawa 21, suka tarar kimanin kashi 80 cikin 100 na maganganun da ke ciki ba a kawo musu hujja ba, kuma waɗanda za a iya tabbatarwa ko ƙaryatawa ba su kai sulusi ba. A wani gwajin suka ba rukunin jami'ai biyu siffantawa ɗaya, amma bayanin mai laifin da aka ba kowane rukuni daban, ɗaya na gaske ɗaya ƙirƙirarre mai saɓanin halaye, sai ga shi rukunan biyu sun ce siffantawar ta dace. Richard Kocsis na Ostareliya ya ƙara nuna cewa 'yan sanda suna ba rahoto maki mafi yawa idan aka ce musu ƙwararre ne ya rubuta shi, ko da kuwa rubutun bai canza ba.

A waɗannan gwaje-gwaje ɗaliban jami'a sun sami wani matsayi da ba su nema ba, domin su aka mayar ma'auni. Anthony Pinizzotto da Norman Finkel a 1990 sun ba masu siffantawa da 'yan sandan ciki da masana halayya da ɗalibai takardun shari'o'i biyu da aka riga aka warware, inda masu siffantawa suka fi sauran dacewa a shari'ar fyaɗe amma ba su yi fice ba a ta kisa. A 2002 Kocsis da abokansa suka kwatanta gogaggun masu binciken kisa da sababbin kuratan 'yan sanda da ɗaliban ilimin sinadarai, sai ɗaliban suka fi gogaggun jami'an dacewa, sakamakon da ya taɓa ginshiƙin koyarwar Quantico, wato cewa daɗewa a bakin aiki ita ce babbar makarantar mai siffantawa. Adalci ya sa a faɗi cewa rukunan da aka gwada ƙanana ne, ƙwararru kaɗan ne suka yarda a auna su, kuma amsa tambayoyi a kan takarda ba daidai yake da zama cikin bincike mai rai ba. Amma tushen ma bai tsira ba, domin Andreas Mokros da Alison a 2002 sun nazarci masu fyaɗe 100 a Birtaniya ba su ga cewa masu salo iri ɗaya sun yi kama a shekaru ko zaman iyali ko tarihin laifi ba, Canter kuma a 2004 ya gwada rabon mai tsari da marar tsari a kan masu kisa 100 na Amurka, ya tarar kusan kowane laifi yana ɗauke da alamun ɓangarorin biyu a cakuɗe.

Abin da ya rage bayan wannan tankaɗe ya fi ƙanƙanta, ya kuma fi ƙwari. Daga 2001 Birtaniya ta sauya wa masu aikin suna zuwa masu ba da shawara kan halayya a bincike, aka ɗora musu sharaɗin su rubuta rahoto tare da bayyana hujjar kowace magana, aikinsu kuma ya karkata ga jera waɗanda ake zargi bisa fifiko da shirya dabarun yi musu tambayoyi. Nazarin wurare, wanda masani Stuart Kind ya gwada a Disambar 1980 lokacin da ya nuna cewa mai kisan Yorkshire yana zaune a yankin Bradford makonni kaɗan kafin a kama mai kisan, Peter Sutcliffe, ya zama fanni mai lissafi a hannun Kim Rossmo, ɗan sandan Vancouver. Danganta laifuka da juna ta hanyar salo, wato gano cewa hannu ɗaya ne ya aikata su, shi ma ya tsaya da ƙafarsa, kuma a Afirka ta Kudu, inda Micki Pistorius ta fara aikin siffantawa a rundunar 'yan sanda a tsakiyar shekarun 1990, kotuna sun karɓi irin wannan shaida daga bakin magajinta Gérard Labuschagne. Duka waɗannan sun dogara da adana bayanan laifuka masu yawa cikin tsari ɗaya, abin da babu rundunar da take samunsa ba tare da shekaru na aikin rajista ba.

Bitar da Bryanna Fox, tsohuwar jami'ar FBI, da David Farrington na Jami'ar Cambridge suka wallafa a 2018 kan rubuce-rubuce 426 na shekara 40 ta nuna cewa danganta laifuka ita ce ta fi samun goyon bayan hujja, kuma gwajin tasirin siffantawa a ainihin aikin 'yan sanda ya yi ƙaranci ƙwarai. Gwajin da su biyun suka wallafa a 2015 ba a kan kisan ɗauki ɗaiɗai aka yi shi ba, a kan fasa gidaje ne a jihar Florida, inda suka fitar da siffofin ɓarayi ta hanyar ƙididdiga daga shari'o'i 405 da aka riga aka warware, suka horar da jami'an runduna ɗaya, suka bar wasu uku don kwatanci. Yawan kamun da rundunar da aka horar ta yi a kan fasa gidaje ya ninka kimanin sau uku idan aka kwatanta da sauran, ko da yake runduna ɗaya ce a jiha ɗaya, kuma kamu ba shi ne hukuncin kotu ba.